Littafin Warkar da Raunin Zuciya: Inda Ya Taimake Mu da Inda Bai Isa Ba

Ba na jin akwai fasto a Arewa da ya yi hidima daga shekarar 2000 zuwa yau bai taɓa zama gaban mutumin da ya ga abin da bai kamata ido ya gani ba. Rikicin Kaduna na 2000, na Jos a Satumba 2001, sace 'yan matan Chibok a Afrilu 2014, faɗuwar hedikwatar EYN a Kwarhi cikin Oktoba na wannan shekara, ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a Janairu 2015, ga kuma satar mutane don kuɗin fansa wadda ba ta bar Kirista ba, ba ta bar Musulmi ba. Mun iya jana'iza. Mun iya tara hatsi da barguna. Abin da ba a koya wa tsararmu ba a makaranta shi ne yadda za mu yi da mutumin da ya tsira da ransa, amma wata takwas bayan nan har yanzu barci ba ya ɗaukarsa.

Wannan giɓi ne littafin Healing the Wounds of Trauma ya shigo ya cike. An fara buga shi a Nairobi a 2004. Mutum huɗu suka rubuta shi, Harriet Hill, Margaret Hill, Richard Baggé da Pat Miersma, biyu daga fannin fassara da amfani da Littafi Mai Tsarki, biyu daga fannin lafiyar ƙwaƙwalwa. Sun gina shi tare da shugabannin ikkilisiya daga ƙasashen Afirka da yaƙi ya ɗaiɗaita. An sake buga shi da gyare-gyare, an juya shi cikin harsuna masu yawa, kuma da dama daga cikinku sun riga sun zauna a taron bita da aka yi da shi. Na koyar da shi, na kuma yi amfani da shi a ikkilisiya. Ba a matsayin maƙiyinsa nake wannan nazari ba. Ina so ne ɗalibanmu su san abin da ke hannunsu kafin su fita da shi fili.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Kowane darasi yana farawa da ɗan labari, sai tambayoyin tattaunawa a ƙananan ƙungiyoyi, sai nassosi, sai wani aiki da za a yi tare. Darussan da ke gindinsa suna bi ta kan dalilin shan wuya in Allah mai ƙauna ne, yadda raunin zuciya ke warkewa, tafiyar mai makoki, kai azaba gindin gicciye, da gafarta wa waɗanda suka cuce mu. Akwai kuma darussa kan yara, kan fyaɗe, da kan kula da mai kula da wasu.

Babban alherin littafin, a ganina, shi ne ya maido wa ikkilisiya kukanta. Mun taso cikin al'adar da ke cewa haƙuri maganin zaman duniya, muka kuma ɗora mata wa'azin da ke sa mai bi ya ji kunyar hawayensa. Gwauruwa tana kuka kwana uku bayan an kashe mijinta a gona, sai mu ce mata ta daina, kada ta zama kamar marasa bege. Littafin ya tuna mana cewa da yawa daga cikin Zabura kuka ne da ƙorafi a gaban Allah, ya kuma sa mutane su zauna su rubuta nasu makokin bisa tsarin zabura irin ta 13. Na ga dattawa masu furfura sun yi wannan aiki, suka faɗa wa Allah abin da suka shekara goma suna tsoron faɗa. Zan so dai malamai su riƙa haɗa Zabura 88 da ta 13, domin ta 13 tana ƙarewa da yabo, ta 88 kuwa cikin duhu take ƙarewa, kuma Ruhu bai hana ta shiga littafin sujada ba. In muka koyar cewa dole kowane makoki ya rufe da yabo, mun sake ƙulla wa mutane wata doka.

Haka kuma hoton da ya zana na tafiyar makoki ya zauna daidai da tunanin mutanenmu: ƙauyuka uku da mai makoki ke bi, na musu da fushi, na fid da rai, da na sabon farawa, tare da gadar ƙarya wadda ke yi wa mutum alkawarin tsallake na tsakiya. Wa'azinmu da yawa wannan gada ce. Sai koyarwarsa kan sauraro, inda aka taƙaita wa mai sauraro tambayoyi uku kawai, game da abin da ya faru, yadda mutum ya ji, da abin da ya fi masa wuya. Ga fasto, wanda aikinsa magana ne, wannan horo ne mai zafi. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka yi shiru. Da suka buɗe baki ne suka ɓata.

To, ina matsalar?

Matsala ta farko ita ce kalmar nan "raunin zuciya" ta yi faɗi, ta haɗiye abubuwa biyu da ya kamata fasto ya iya rarrabewa. Akwai baƙin ciki da ruɗewa da kowane mutum ke shiga bayan masifa, wanda a wurin yawancin mutane yakan lafa da kansa idan akwai dangi, abinci da wurin kwana. Akwai kuma ciwon da likitoci ke kira PTSD, wato ciwon firgita da ke zama bayan masifa ta wuce. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi cikin kundinta a 1980, bayan abin da aka gani a tsoffin sojojin yaƙin Biyetnam da kuma matan da aka yi wa fyaɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen kashi 70 cikin ɗari na mutane za su gamu da masifa mai firgitarwa a rayuwarsu, amma 'yan kaɗan ne cikinsu ke kamuwa da ciwon. Adadin yakan ƙaru sosai inda aka yi yaƙi ko fyaɗe. Ke nan ba duk wanda ya gudo daga ƙauye ne ke da ciwon ba, kuma ba daidai ba ne mu shiga sansanin 'yan gudun hijira muna ɗaukar kowa majinyaci. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Ingila, Derek Summerfield, ya daɗe yana sukar ƙungiyoyin agaji a kan haka, yana cewa sun mayar da wahalar al'umma ciwon ɗaiɗaikun mutane, alhali abin da mutane ke nema shi ne gonarsu, makarantar 'ya'yansu da adalci. Akwai gaskiya cikin maganarsa, ko da yake ban bi shi har ƙarshe ba, domin na ga ciwon da idona.

Ga yadda yake. Abin da ya faru yana dawo wa mutum ba da sonsa ba, cikin mafarki ko ido biyu, kuma ba kamar tunawa yake dawowa ba, kamar yanzu ne yake faruwa: yana jin warin hayaƙin, yana jin ƙarar baburan. Saboda haka sai ya riƙa kauce wa duk abin da zai tuno masa, ya bar bin wata hanya, ya bar zuwa gona, wani ma ya bar zuwa sujada in a majami'a abin ya same shi. Jikinsa kullum a ɗame, ƙofa ta buga ya zabura, abu kaɗan ya fusata shi, barci ya gagara. Tunaninsa game da kansa da duniya ya sauya, yana ganin laifinsa ne, ko kuwa ba wanda za a amince wa kuma. In waɗannan sun wuce wata guda, suna kuma hana shi aiki ko zaman iyali, to an shiga abin da likita zai kira ciwo. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Masana sun nuna inda wannan ke faruwa: akwai wani ɗan sashe cikin ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala, aikinsa kamar na mai gadi ne, yana kaɗa ƙararrawa kafin tunani ya kai ga tantance ko maciji ne ko tsumma. A mai wannan ciwo ƙararrawar ta lalace, tana bugawa ba dare ba rana. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne, kamar yadda hawan jini ba rashin bangaskiya ba ne.

Don adalci, littafin ya ambaci waɗannan alamu, ya kuma ce akwai waɗanda sai an kai su ga ƙwararru. Amma ya faɗe shi a taƙaice, kuma a tarurrukan da na halarta wannan sashe ne ake bi da gudu in lokaci ya ƙure. Mai bishara yakan koma ƙauyensa da takardar shaida, ya tuna da ƙauyuka uku da gadar ƙarya, ya manta da lokacin da ya kamata ya ce, wannan ya fi ƙarfina. Inda ba a koya masa sunan abin ba kuwa, zai ba shi sunan da ya sani. Mafarkin da ke dawowa kowane dare sai ya zama harin mayu ko aljanu, a shirya addu'ar kora da ihu da ɗora hannu a kan macen da hannun maza ne ya firgita ta tun farko. Ban musanta yaƙin ruhaniya ba. Amma mutumin da ke mafarkin ainihin daren da aka ƙone gidansa ba ya bukatar a binciko masa aljani.

Matsala ta biyu ta shafi darasin da mutane suka fi so, wato kai azaba gindin gicciye. Kowa yakan rubuta abin da ya fi masa ciwo a takarda, a kai gaban gicciye da addu'a, a ƙone takardun. Sujada ce mai taɓa zuciya, kuma tauhidinta daidai ne, gama Almasihu ya ɗauki baƙin cikinmu kamar yadda ya ɗauki zunubanmu. Amma bari in ba ku labarin wani dattijon ikkilisiya inda na taɓa hidima. Ya tsira daga harin dare inda aka kashe ƙanensa a gabansa. Ya zauna a taronmu, ya ƙone takardarsa, ranar Lahadi ya ba da shaida cewa Ubangiji ya ɗauke masa nauyin, ikkilisiya ta yi tafi. Makonni uku bayan haka, a daren Kirsimeti, yara suka fasa abin wasan wutan nan da suke kira banga a bakin majami'a. Sai ga shi ƙarƙashin benci yana rawar jiki, a gaban jikokinsa. Washegari ya same ni a gida, ya ƙi zama a kujera, ya ce, "Baba Fasto, ashe ƙarya na yi wa Allah ke nan a gaban jama'a?" Na ce, "A'a, Baba, ba ƙarya kuka yi ba." Amma ban sami abin da zan ƙara masa ba a lokacin, kuma laifin nawa ne. Ni na jagoranci sujadar, ni kuma na bar shi ya fahimci cewa toka ita ce ƙarshen magana. Na ɗora masa kunya a kan tsoro.

Littafin da kansa ya ce warkewa na ɗaukar lokaci. Sai dai alama ta fi rubutu ƙarfi. Wuta tana cinye takarda cikin minti guda, abin da ido ya gani kuma shi ke zama. Duk wanda zai jagoranci wannan sujada ya faɗa a fili, kafin a kunna ashana, cewa mafarkin na iya dawowa a daren nan, kuma dawowarsa ba ta nufin Yesu ya ƙi karɓa. Kuma kada a nemi shaida daga kowa a Lahadin da ta biyo.

Ta uku ita ce batun lokaci, da wanda ya kamata ya buɗe rauni. Littafin ya kamanta raunin zuciya da gyambo, wanda sai an matse mugunya an wanke kafin ya warke. Kwatancin yana da kyau, amma ya sa wasu masu jagora suna ganin cewa in mutum bai yi magana ba, bai yi kuka ba, taron bai yi nasara ba. Likitoci sun riga sun bi wannan hanya sun dawo. An daɗe ana tara waɗanda masifa ta sama cikin kwanakin farko a sa su ba da labarin komai a zama guda. Da aka gwada aka auna, sai aka ga ba ya hana ciwon, a wasu ma ya ƙara shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina. A madadinsa ta fitar a 2011 da jagorar taimakon farko ga waɗanda suka firgita, wadda ta tsaya kan dubawa, sauraro, da haɗa mutum da abin da yake bukata, ba tare da tilasta masa magana ba. Judith Herman, a littafinta na 1992, ta jera matakan farfaɗowa uku, ta kuma sa aminci a farko, kafin tunawa da makoki, kafin komawa cikin jama'a. Ku duba 1 Sarakuna 19. Iliya ya gudu daga Yezebel yana roƙon mutuwa. Abin da aka fara ba shi abinci ne da ruwa da barci, har sau biyu. Sai bayan tafiyar kwana arba'in aka tambaye shi abin da ya kawo shi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman: sirri. A ƙauye ko sansani kowa ya san kowa. Macen da ta faɗi cikin ƙungiya cewa an yi mata fyaɗe a hannun masu garkuwa na iya rasa aurenta kafin mako ya zagayo. Alkawarin riƙe sirri da ake yi a farkon taro bai isa kariya ba. Irin wannan magana wurinta gaban mace ɗaya amintacciya wadda aka horar, ba da'irar kujeru ba. A ɗaya gefen kuma kada mu zama Absalom, wanda ya ce wa Tamar ta yi shiru, ta ƙare kwanakinta a kaɗaice cikin gidansa.

Kan gafara ba zan tsawaita ba, domin darasin ya yi ƙoƙari: ya nuna cewa gafara ba mantuwa ba ce, ba ta soke hukunci, ba ta kuma tilasta amincewa nan take. Abin da nake suka shi ne jadawalin taro, inda a ranar ƙarshe ake isa ga gafara domin ranar ƙarshe ce, ba domin mutane sun iso ba. Yusufu ya gwada 'yan'uwansa cikin surori da dama na Farawa kafin ya bayyana musu kansa. Mu kuwa muna so wanda bai san inda aka binne ɗansa ba ya gama cikin kwana biyar.

To, in fasto ya gane cewa wannan ciwo ne, ina zai kai mutum, kuma me za a yi masa a can? Ya kamata ku sani don ku iya yi wa iyali bayani. Maganin da aka fi tabbatarwa ba ƙwaya ba ne, zama ne da ƙwararre, galibi sau takwas zuwa goma sha biyu. A wata hanya, wadda Edna Foa ta tsara, ana bi da mutum ya koma kan labarin a hankali, sau da yawa, cikin aminci, ya kuma riƙa kusantar wuraren da yake gudu mataki-mataki, har mai gadin nan ya koyi cewa tsumma tsumma ne. A wata, ta Patricia Resick, ana zama a bincika tunanin da ya maƙale, irin na "da ban aike shi gona ba da bai mutu ba." Akwai kuma ta Francine Shapiro, inda ake haɗa tunawa da motsa ido gefe zuwa gefe. Lura da bambancin: a nan ma ana buɗe raunin, amma da tsari, da wanda zai kasance a wurin mako mai zuwa in abin ya tashi.

Kada wani ya ce wannan na Turawa ne. An gwada hanyar ba da labarin rayuwa daga farko zuwa ƙarshe a kan 'yan gudun hijirar Sudan a sansanin Imvepi na Uganda, aka buga sakamakon a 2004, kuma ta yi aiki. A 2013 Judith Bass da abokan aikinta suka buga gwajin da suka yi da mata 405 waɗanda aka yi wa fyaɗe a gabashin Kwango. Waɗanda suka jagoranci zaman ba likitoci ba ne, ma'aikatan al'umma ne da aka horar ana kuma duba aikinsu, kuma matan da suka bi tsarin sun sami sauƙi fiye da waɗanda aka ba tallafin sauraro kawai, alhali rikici bai ƙare a yankin ba. Wannan ya gyara mini tunani. Da ina cewa ba abin da za a iya yi sai an sami zaman lafiya. Ashe ba sai an jira ba. Ya kuma nuna cewa abin da ke hana shugabar zumuntar mata yin irin wannan aiki ba rashin digiri ba ne, rashin horo na gaske ne da rashin mai duba ta.

Akwai magunguna da likita kan bayar, irin su satralin da faroksetin, waɗanda sai sun yi makonni kafin a ga aikinsu, kuma ba a daina su farat ɗaya. Wanda ya kamata ku yi hattara da shi shi ne diyazefam, wanda aka fi sani da Valium, da danginsa. Mai shagon magani zai sayar wa mutum don ya yi barci, amma ba ya warkar da ciwon, yana kuma kama jiki. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja kunne kan ba da shi ga waɗanda suka fito daga masifa. Ku kuma riƙa tambaya a hankali game da giya, tiramadol da kodin, domin da yawa daga matasanmu da muke horo a majalisar dattawa saboda shaye-shaye barci suke nema. Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce ko mutum yana tunanin kashe kansa. Yin tambayar ba ya sa masa tunanin. In ya ce i, ba a barinsa shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da makami daga gidan, a kai shi asibiti a ranar.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri, da Barnawa a Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, ga kuma sassan lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. Sun yi kaɗan, sun kuma yi wa yawancin ƙauyukanmu nisa. Mutane na tsoron a ce an kai su gidan mahaukata, kuma ba mamaki, tun da dokar 1958 mai ɗauke da wannan tunani ce ke aiki a Nijeriya har sai da aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairu 2023. A nan fasto ke da abin da likita ba shi da shi. Dattijon nan ya yarda ya je ne kawai domin na ce zan raka shi, na kuma zauna a benci a waje har ya fito. Ya yi watanni yana zuwa. Yana barci yanzu, ko da yake har yau kusa da ƙofa yake zama a sujada, kuma mun bar masa wurin.

Hukuncina a kan littafin shi ne a ci gaba da koyar da shi. Ba mu da wani da ya kai shi wajen buɗe wa ikkilisiya baki kan wahala da harshen Nassi. Amma littafin sujada ne da zumunci, ba littafin jinya ba, marubutansa kuma ba su ce shi ne ba. A ajina na wannan zango za mu karanta shi tare da jagorar taimakon farko ta 2011, za mu kuma ba sashen tura mutum ga ƙwararru cikakken mako guda. Kafin kowane ɗalibi ya tafi hidimar hutu, zai kawo mini a rubuce sunan asibiti mafi kusa da inda aka tura shi wanda ke da ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, ranar da ake ganin marasa lafiya, da kuɗin mota zuwa da dawowa na mutum biyu.